Ƙwai ko Koko? Gardamar Karin Kumallo a Zauren 'Yan Gida na Garwa

Auta: Salamu alaikum jama'ar gida. Na ji wani mai koyar da motsa jiki yana cewa duk wanda ya karya da koko ko kunu yaudarar cikinsa ya yi, ruwa da sukari kawai ya sha. Wai dafaffen ƙwai biyu ya fi kwano guda na koko komai kaurinsa. Ni dai na gamsu. Goggo, daga gobe a daina aiko min da kofina, a ba ni kuɗin ƙwai.

Goggo: Wa alaikumus salam. Auta, da kunun nan aka yaye ka, da shi aka yaye uwarka. Kakanka kunu yake sha ya tafi gona da sassafe, ba ya dawowa sai azahar. Yau kuma wani mai gajeren wando ne zai ce mana ruwa muke sha?

Kawu Direba: Yaya, a yi haƙuri, amma yaron nan bai yi ƙarya ba. In na sha koko na kama hanyar Ngaundere, ban gama wuce Ngong ba cikina ya fara kiran ciroma. In kuwa na tsaya wurin mai shayi ya soya min ƙwai uku da taliya ya cusa a burodi, har in gama hawan dutse in shiga gari ban tuna da abinci ba.

Baffa Alhaji: Ƙwai uku kullum? Allah ya kyauta. Mu tun muna samari muke jin cewa ƙwanduwa tana toshe jijiyoyin jini. Ni da nake fama da hawan jini rabona da ƙwai an jima. Ina 'yar tamu ta asibiti, ta zo ta raba gardama.

Anti Nas: Ga ni Baffa, yanzu na sauka daga aikin dare. Bari in fara da abin da Auta ya faɗa daidai. Babban ƙwai ɗaya yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 6, ga bitamin A, D da B12. Kuma furotin yana daɗewa a ciki, shi ya sa Kawu yake kaiwa Ngaundere bai ji yunwa ba. Gero ma yana da nasa, kusan giram 11 a cikin giram 100 na busasshen hatsi. Matsalar ita ce ba busasshe muke sha ba. Ku dubi yadda ake yi: a jiƙa, a markaɗa, a tace a zubar da dusa, a ɗebi ɗan ƙullu a sheƙa masa tafasasshen ruwa. In mai koko ta ga layi ya yi tsawo ta ƙara ruwa. Kofi guda na irin wannan tsararon koko da wuya furotin ɗinsa ya wuce giram 3. Sai a jefa sukari ƙwaya huɗu ko biyar a kai.

Auta: Kun ji ko? Anti ta yanke hukunci.

Anti Nas: Ban gama ba, ɗan'uwana. Ƙwai ba shi da harza ko kaɗan, wato dusar da ke gyara hanji ta hana bushewar ciki, ba shi da bitamin C, kuma ƙwai biyu ƙarfin da suke bayarwa bai wuce kalori 150 da 'yan kai ba. Mai dako a babbar kasuwa ko mai aikin gona ba zai yi rabin yini da wannan ba. Kunun da Goggo take nufi kuma ba shi ne na bakin titi ba. Nata da gyaɗa ake damawa, da kauri, a sa tsamiya, wani lokaci a zuba nono. Wannan abinci ne sosai.

Goggo: Allah ya yi miki albarka. Faɗa masa dai.

Malam na Marwa: Baffa, tsoron da kake yi yana da asali. A 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce ƙwai uku a mako, saboda ƙwanduwa ɗaya tana da kolestarol, wato wani sinadari mai kama da kitse da ke yawo a jini, kusan miligiram 186. Maganar ta zaga duniya har ta iso mana. Daga baya aka gane cewa hanta ce ke samar da mafi yawan kolestarol ɗin da ke jini, kuma ga yawancin mutane kitsen nama da man shanu da soye-soye sun fi ƙwai tayar da shi. A 2015 Amurkawan da kansu suka cire iyakar miligiram 300 na kolestarol a rana daga ƙa'idar cin abincinsu. Mu ne labarin janyewar bai iso wa ba.

Baffa Alhaji: To Malam, in koma ci ke nan?

Anti Nas: Baffa, ga mai lafiya ƙwai ɗaya a rana ba abin damuwa ba ne. Kai da kake shan magani, da masu ciwon sukari ko na zuciya, ku tambayi likitan da ke riƙe da katinku. Amma ni abin da ya fi tsorata ni ba ƙwan Kawu ba ne, abin da ke kewaye da shi ne. Na tsaya na ga yadda mai shayin bakin tasha yake yi: mai rabin ludayi a kasko, dunƙulen magi guda a murtsuke cikin ƙwai biyu, ga gishiri, sannan shayi a tsiyaya masa madarar gwangwani mai kauri, wadda fiye da rabinta sukari ne, a ƙara sukari a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, in ma da hali ya tsaya a 25. Kofin nan ɗaya zai iya cinye 25 ɗin tun kafin hantsi.

Kawu Direba: 'Yata, mai shayina kada ki taɓa shi. Ai ni in na ji jiki ya mutu, ɗanyen ƙwai nake fasawa a madara in shanye, babu mai babu magi.

Anti Nas: Kawu don Allah ka bari. Ɗanye jiki rabin furotin ɗinsa kawai yake iya ɗauka, dafaffe kuwa kusan kashi 90 cikin 100. Ga haɗarin ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu.

Anti ta Yawunde: Mu nan mun huta da wannan rigima. Konfiles na kwali da madara, minti biyu yara sun gama sun tafi makaranta.

Malam na Marwa: Hajiya, masara ce fa aka cire mata dusa aka gasa aka sa sukari, aka sayar miki da tsada. Ga shi da saurin tayar da sukarin jini. Madarar ce ke rufa masa asiri.

Maman Biyu: Ina ta karatu ina dariya. Kowa yana lissafin giram, ba wanda ya yi lissafin sefa. Ƙwai ɗaya sefa 100 nake saye a shagon unguwarmu. Mu takwas ne a gida. In kowa zai ci biyu kamar yadda malamin Auta ya ce, sefa 1,600 ke nan kafin a hura wutar rana. Da rabin wannan zan dama kunu ya ishi kowa har da ƙosai. Ƙwan nan yawanci daga can Bafusam ake loda shi a mota ya ƙetare ƙasa kafin ya iso mana, wani ma ya zarce Kusiri da Njamena, dole ya yi kuɗi. Sai damina in zabi sun fara zubawa muke ɗan samun sauƙi.

Anti Nas: Maman Biyu, kin ambaci ƙosai kin wuce da sauri, alhali nan maganar take. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, akwai wani ɓangare da ake kira laisin da ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara, wake kuma yana da shi da yawa. Koko da ƙosai ko alala sun cike wa juna. Tsamin ƙullu ma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin gero. Shayi kuma a kan abinci rage shi yake yi.

Maman Biyu: Ni abin da ke ci min rai daban ne. A gidaje da yawa maigida ne ke fita ya zauna a benci ya ci ƙwai uku, yaron da aka yaye kuma a ɗura masa tsararon koko. In ka yi magana a ce yaro in ya saba da ƙwai sata zai yi.

Goggo: Haka muka taras ana faɗa. Ni dai a ganina don a bar wa kaza ƙwanta ta ƙyanƙyashe ne aka tsorata yara.

Kawu Direba: Wannan jifa ni aka yi wa, na ji a jikina.

Malam na Marwa: A kan yara akwai bincike. A ƙasar Ikwado an riƙa ba jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 ƙwai ɗaya kullum har wata shida, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin 100. Da aka maimaita a Malawi ba a ga wannan bambanci a tsayin yara ba, kuma yaran can da ma suna samun kifi. Ni abin da na ɗauka shi ne, inda yaro ba ya ganin nama ko kifi ko madara, nan ƙwai yake da babban aiki.

Auta: To ai duk kun dawo kan maganata. Ƙwai ya ci gasa.

Goggo: Wace gasa? Cewa ka yi kunu ruwa ne, an nuna maka ba ruwa ba ne.

Auta: An nuna min naki ba ruwa ba ne, Goggo. Na bakin titi fa?

Anti Nas: Ku biyun ba za ku shirya yau ba. Maman Biyu, ga 'yan biyunki: daga wata shida za ki iya dafa ƙwai ya dahu sosai, ki murtsuke a cikin kunu mai kauri. In kaurin ya hana su haɗiya, kada ki ƙara ruwa, ki barbaɗa ɗan garin dawar da aka tsirar aka shanya, ki juya kunun da ɗuminsa, zai saki da kansa, sai ki sake ɗora shi ya tafasa. Gyaɗar kuma a tsince, duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gubarta hanta take taɓawa.

Kawu Direba: To tunda an mai da ni mai laifi, ranar Alhamis zan taso daga Ngaundere, can kiret ya fi sauƙi. Mai so ya turo kuɗinsa kafin Laraba da dare.

Maman Biyu: A sa min ɗaya, Kawu. Amma a gabanka zan zuba su a ruwa, duk wanda ya taso sama kai za ka biya.