Ruɓaɓɓen ruwan injin sassaƙar ƙarfe: a ina ake zubar da shi?

Awudu (Asawase): Salamu alaikum, manyanmu na Magazin, unguwar masu gyaran mota da aikin ƙarfe ta Suame a Kumasi. Farin ruwan da muke sanyaya ƙarfe da shi ya koma toka-toka, ran Litinin shagon har ba ya shiguwa don wari. Masta ya ce in juye a gwata. Akwai wata hanya?

Alhaji Iddi: Wa'alaikumus salam. Yaro, kada ka soma. Gwatar Suame rafi take tafiya, mutanen Kumasi kuma ruwan Owabi da Barekese suke sha. Akwai doka kan shara mai haɗari, jami'an EPA, hukumar kare muhalli, za su iya kama masta ɗinka da ita. Ka faɗa masa ni na ce.

Malam Sule: Awudu, warin nan irin na ruɓaɓɓen ƙwai ba tsufan ruwa ba ne. Man da ke tsiyayowa daga jikin inji shi ne yake kwanciya a saman tanki ya toshe iska, ƙwayoyin cutar da ba sa son iska su yi ta hayayyafa Asabar da Lahadi da inji ke kashe. Kowace safiya, kafin ka kunna, ka kwashe man saman. Ka sayi ɗan famfon iska irin na masu kiwon kifi ka bar shi yana hura iska cikin tankin. Ɓarɓashin ƙarfe kuma ka ɗaure maganaɗisu a leda ka zura ƙasa, in ka zare ledar sai su zube da kansu. Ka tara wa 'yan gwangwan, kuɗi ne.

Fuseini: Ni bilic nake zubawa, warin ya ɗauke.

Malam Sule: Ya ɗauke na kwana kaɗan, injinka ya yi tsatsa, hannun yaranka ya tsage. Bar shi, ɗan'uwa.

Hajiya Mariama: Ni da nake sayar muku da man da ake haɗa farin ruwan da shi, matsalar tun wajen haɗi take. Gwangwani ɗaya na mai ga ashirin na ruwa, kuma man ake tsiyayawa cikin ruwa ana motsawa, ba ruwa a kan mai ba. Wasu don tsimi suna sirka shi har ya yi salala, sannan su dawo su ce kayana ne ba kyau. Ruwan rijiyar burtsatse mai gartsi ma yana tsinka shi. In kun tari na sama ya fi.

Awudu: To Alhaji, wanda ya riga ya lalace fa? Durom guda ne.

Alhaji Iddi: Jiƙa alam, wanda ake tace ruwa da shi, ka zuba kaɗan-kaɗan kana motsawa, ka bar shi ya kwana. Mai da datti za su rabu da ruwan. Man ka tara a jarka daban ka kai wa masu karɓar baƙin mai da ke da lasisi, ka gaya musu ko mene ne. Kada ka ba masu hura wuta da shi, wani irin yana da sinadarin kulorin, hayaƙinsa guba ne. Ruwan ma ko ya yi garau akwai narkakken ƙarfe a ciki, ka tambayi ofishin EPA inda za a kai shi.

Fuseini: Durom ɗaya wa zai turo mota? Mu haɗa na layinmu a tanki guda.

Alhaji Iddi: Akwai fili bayan shagona. Ku zo bayan Juma'a mu tsara.