Zomon tsauni ko zomon ƙanƙara? A taimaka kafin Juma'a

Mai fassara, Agege: Salamu alaikum jama'a. An ba ni aikin ɗora muryar Hausa kan wani shirin namun daji, ranar Juma'a zan shiga ɗakin ɗaukar murya a Ikeja, ga kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: "mountain hare" da "crepuscular". Na biyun ana faɗarsa ga dabbar da ta fi fita a duhun faɗuwar rana da na wayewar gari. Na farkon kuwa zomo ne na tsaunukan Sikotilan da Norwe da Suwidin har Saberiya. Da rana yakan lafe a ɗan gurbi cikin ciyayi, sai rana ta faɗi ya fito kiwo har wayewar gari. Da sanyi gashinsa ya koma fari fat, da zafi ya koma ruwan ƙasa.

Ɗan Mile 12: Zomon dutse. An gama.

Tsohon mafarauci: Ba a gama ba, yaro. Ka ce zomon dutse a ƙauyenmu, rema za a kawo maka. Rema kuwa ba zomo ba ce. Zomon tsauni ya fi.

Hajiya ta Idi-Araba: Ni zomon ƙanƙara ya fi mini daɗi a kunne. Ai abin da mai kallo zai riƙe ke nan, farin zomo cikin dusar ƙanƙara.

Mai fassara, Agege: Hajiya, na so shi, amma rabin shekara ba fari ba ne. Dangin da ke Ailan ma yawancinsu ba sa yin fari ko da sanyi. Shirin kuma ya nuna ba ƙanƙarar ce ke sa shi sauya gashi ba, gajartar rana ce. Shi ya sa shekarar da ƙanƙara ta makara sai ka gan shi fari tas a kan baƙar ƙasa, gaggafa na hango shi tun daga sama.

Malamin Hausa: Na tsauni ya zauna. Na biyun, wato "crepuscular", shi ne aikin. Na daɗe da ƙirƙiro masa kalma: ɗan almurjijjifi. Almuru da jijjifi, a haɗe. Gajeriya ce.

Ɗan Mile 12: Malam, wannan ai sunan maganin basir ne da ake talla a motar Oshodi.

Hajiya ta Idi-Araba: A ce "mai fita magariba da asuba" mana. Kowa ya gane.

Malamin Hausa: Magariba da asuba Larabci ne, Hajiya. Sunayen lokutan salla. Zomo alwala yake yi? Wannan sakacin ne ya sa yaran Legas ba sa iya jimla ɗaya ba su tsoma Turanci ko Yarabanci ba.

Ɗan Mile 12: To fa, an zo wurin. Kakana a Agege aka haife shi, Malam, kuma Hausarmu ba ta neman takardar shaida daga Kano. Kai ma sunan naka, malam, daga ina ya zo?

Malamin Hausa: Ni Bakatsine ne, kada ka haɗa ni da Kano.

Tsohon mafarauci: Ku bar wannan. Ɗiyata, ki lura da abu ɗaya, zomon nan ɗan dare ne tukuna, almuru da asuba lokutan da ya fi zirga-zirga ne kawai. Namu na daji ma haka yake, shi ya sa da fitila ake farautarsa. Kada kuma ki bari a ɗauka irin na keji ne. Na gida ana haifarsa tsirara, ido a rufe. Na daji da gashinsa yake faɗowa, ido biyu.

Mai fassara, Agege: Baba, haka shirin ya ce, cikinsa kwana 50 ne ko kusa, na gida kuwa wata ɗaya. Akwai ma wurin da aka ce da bazara, da yake daren can arewa ɗan kaɗan ne, dole yake ƙarasa kiwonsa da hasken rana.

Malamin Hausa: Bazara kuma? Bazararmu zafi ne da ƙura kafin ruwa ya sauka. Tasu ciyawa ce kore shar. Gidajen rediyo ne suka ɓata wannan kalma.

Hajiya ta Idi-Araba: Malam, don Allah ɗaya bayan ɗaya. Yarinya Juma'a take da aiki.

Mai fassara, Agege: Na gode muku. Na ɗauki zomon tsauni. Na biyun zan ce "ya fi fita da almuru da jijjifi". Kalmomin Malam ne, na dai raba su. Bazara kuma zan ce lokacin zafinsu.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Amma tunda ba ki sa magariba ba, je ki. Ranar da jimlar ta ƙi shiga daƙiƙa uku na hoton, kya neme ni.

Ɗan Mile 12: Saura sauya gashin. Kada wani ya ce saɓa, zomo ba maciji ba ne.

Malamin Hausa: Ina da kalma a kan wannan ma.