Inbatar masana'anta za ta iya tuƙa ƙaramar mota?

Bakanike_Kano: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Akwai injin lantarki mai layi uku, kilowat 11, na volt 230/400, da inbata irin ta masana'anta da ake kira VFD, mai sarrafa gudun injin. Ana so a cire injin fetur na ƙaramar mota a ɗora shi. Batir zai iya ciyar da inbatar kai tsaye, ko sai an bi ta wata hanya?

Injiniya_Zariya: Wa alaikumus salam. Zai yiwu, Malam, domin ita inbatar tana mayar da wutar AC zuwa DC ne a cikinta kafin ta sarrafa. Sai ka shiga ta tashoshin + da −. Amma duba ajinta tukuna. Ta ajin volt 400 tana son wajen volt 560 na DC, batirin da zai kai haka kuwa tsada da haɗari. Nemi ta ajin 200, ka ɗaura wayoyin injin a delta, wato haɗin da yake aiki da volt 230. Misali Yaskawa A1000 ta wannan aji tana yankewa ƙasa da volt 190, da kuma sama da 410. Ƙwayoyin batirin lithium irin LiFePO4 guda 100 a jere suna ba da volt 320, in sun cika 365, in sun ƙare 250. Duk suna cikin iyaka.

Kar ka haɗa batir kai tsaye: kafasitocin cikinta za su zuƙi wuta lokaci guda har kwantakta, wato makunnin da ke haɗa batir da inbatar, ta manne. Sa resista ta fara cika su na ɗan daƙiƙoƙi. Fiyus da kwantakta lallai na DC.

Mai_Waya: Ƙari kan bayanin Injiniya: in ka bar ta a tsarin V/f, wato mafi sauƙin tsarinta, motar ba za ta tashi a kan tudu ba. Sa enkoda, na'urar auna juyawa, a kan injin, ka zaɓi tsarin vector mai bin ƙarfin juyi, totur ya riƙa ba ta volt 0 zuwa 10. Kar ka cire giya. Inbatar na iya ɗaukar kashi 150 cikin ɗari na ƙarfinta na daƙiƙa 60 ne kawai, don haka ɗauki wadda ta fi injin girma.

Abin da ya fi ƙona inbatoci shi ne BMS, na'urar da ke kare batir, ya yanke batir a daidai lokacin da birki ke sa injin mayar da wuta zuwa batir. Wutar ta rasa wurin zuwa.

Injiniya_Zariya: Gaskiya ne. Sannan an yi inbatar ne don bango, ba don gargada ba. Ƙurar hunturu na toshe fankarta, kuma da zafi ya haura digiri 40 sai an rage mata kaya. Rufe ta a akwati mai matatar iska, kan ƙafafun roba.