Idan lissafi ya ce babu wata, shaidu suka ce sun gani, wa za a bi?

Injiniya (Tumfure): Salamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tattauna tun 29 ga Sha'aban ba ta zo an fara ce-ce-ku-ce ba. Duk ranar da lissafin falaki ya nuna wata ya riga rana faɗuwa, ko ba a ma haife shi ba, bai kamata a karɓi shaidar kowa ba, ko mutum 50 ne suka rantse. Ku tuna kusufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe Gusau da Katsina da duhu da hantsi. An faɗi ranarsa da mintinsa shekaru kafin ya zo. Kusufin rana kuwa ba komai ba ne illa wata ya gitta tsakaninmu da rana, wato lokacin haihuwarsa ke nan ido yana gani. Lissafin da ya faɗi wancan shi ne yake faɗin sauran watanni. Don me za a yarda da shi a kusufi, a ƙi shi a jinjirin wata?

Modibbo (Dukku): Wa alaikumus salam. Injiniya, ba wanda ya ce lissafinka ƙarya ne. Tambayar ita ce, da me shari'a ta rataya hukuncin? Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a yi azumi don ganinsa, a sha ruwa don ganinsa, in an yi gajimare a cika 30. Shehu Halil a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Muhtasar, ya jero hanyoyin tabbatar da wata: cikar Sha'aban, ko ganin adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Sannan ya ce "la bi munajjimin", ba da maganar mai lissafin taurari ba. Kuma kafin ka kawo mini jadawalin lokutan salla da ke manne a masallatai, Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya riga ya amsa a littafinsa Furuƙ. Sababin sallar azahar shi ne gushewar rana ita kanta, ta kowace hanya ka san ta gushe ya wadatar. Sababin azumi kuwa gani ne, ba kasancewar wata a sama ba. Ƙarafi kuma ba baƙo ba ne a ilimin hisabi, ya san abin da yake bari.

Injiniya (Tumfure): Allah ya gafarta Modibbo, ban ce a ɗauki azumi da lissafi ba. Na ce a ƙi shaida da shi. Abu biyu ne daban.

Alƙali (Bolari): Wannan bambancin yana da asali, ba Injiniya ya ƙago shi ba. Taƙiyyuddin Subki, Bashafi'e da ya rasu a 756 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa in lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin lissafi yanke ne, shaida kuwa zato ce, kuma sharaɗin kowace shaida shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. Shafi'awan baya sun rabu a kai. Ramli bai bi shi ba. Ibnu Hajar Haitami ya bi shi da sharaɗin masu lissafin su yi yawan da ba a tuhumarsu, kuma su haɗu a kan magana ɗaya.

Amma ni abin da ya fi ja mini hankali yana cikin Muhtasar ɗin da Modibbo ya janyo. Layin da ke biye da maganar adilai biyu cewa ya yi, in aka ƙirga kwana 30 daga ganinsu, sama tana garau, ba a ga wata ba, an ƙaryata su. Ka ga mazhabarmu ba ta ɗauki adili a matsayin wanda ba ya kuskure ba, ta ajiye ma'aunin da sama da kanta za ta tona. Sahnun ma, ɗaya daga manyan malaman mazhabarmu, ya fi tsanani: a babban gari, sama ba gajimare, mutum biyu kawai su gani dubbai su rasa, shi a wurinsa wannan kaɗai abin tuhuma ne. An kuma ruwaito cewa Anas ɗan Malik, da ya tsufa ƙwarai, ya nuna wata yana cewa ga shi can, mutane ba su gani ba. Alƙali Iyas ɗan Mu'awiya ya lura da wani gashin gira da ya lanƙwaso kan idonsa, ya shafe shi, ya ce ya sake dubawa. Sai Anas ya ce yanzu ba ya ganinsa. Sahabi ne, ba wanda ya isa ya taɓa adalcinsa, amma ido ido ne.

Malama (Jekadafari): Ranka ya daɗe, bari in sa lambobi a maganar, don kalmar "lissafi" tana ɗauke da abu uku da mutane ke cakuɗawa.

Lokacin haihuwar wata da lokacin faɗuwarsa, waɗannan an san su har zuwa minti. Ba gardama a nan. Abin da ba a iya yankewa shi ne ko idon mutum zai kama shi a wata yamma, domin wannan ya dogara da ƙura, da danshi, da ƙarfin ido. Tsakanin "ba zai yiwu ba" da "kowa zai gani" akwai fili mai faɗi, kuma yawancin rigimarmu a cikin filin nan take.

Wata yana nisantar rana da kusan digiri 12 a kwana, wato rabin digiri a awa. A yankinmu kowane digiri na tsayinsa sama da rana yana ba shi kamar minti 4 kafin ya faɗi. André Danjon, masanin falaki Bafaranshe, ya nuna tun shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai kamar digiri 7 ba, ba a samun lauje mai haske da ido zai riƙe. Mafi ƙarancin lokaci bayan haihuwar wata da masana suka yarda an gan shi da ido tsirara shi ne awa 15 da minti 32, a 1990 a Amurka. Da madubin hangen nesa kuwa awa 11 da minti 40, a 2002 a Iran. Waɗannan ƙwararru ne da suka san daidai inda za su kafa ido, a sama mai tsabta. To in aka ce wani ya ga wata mai awa 6 a cikin hazon Fabrairu, kafin a kira sallar magariba, sai a yi hattara.

Kuma awa kaɗai ba ta wadatar. Wata yana iya karkata har digiri 5 arewa ko kudu da hanyar rana, kuma yana sauri in ya matso kusa da duniya, yana jinkiri in ya yi nisa. Shi ya sa wata mai awa 18 wani lokaci ana ganinsa, mai awa 22 wani lokaci ya gagara.

Modibbo (Dukku): Malama, kin taimake ni ba ki sani ba. Tunda masu lissafin kansu ba su haɗu a kan iyaka ba, wa alƙali zai bi? Taron Istanbul na 1978 ya ce tazara digiri 8, tsayi digiri 5. Malesiya da Indonesiya da Burunai da Singafo sun koma tazara 6.4, tsayi 3. Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ba ta ma neman ganuwa, in an haifi wata kafin faɗuwar rana a Makka kuma ya faɗi bayanta, shi ke nan. Buɗe wannan ƙofa yau da sunan ƙin shaida, gobe a ce ai ba sai an fita duba ba. Sunnar fita duban wata ta mutu, talaka da ke ruga ya zama sai abin da mai kwamfuta ya faɗa masa.

Injiniya (Tumfure): Waɗancan iyakoki duk na filin tsakiya ne, Modibbo. Da'awata ba ta shiga can ba. In wata ya faɗi minti 10 kafin rana, Istanbul da Malesiya da Makka duk bakinsu ɗaya: babu abin gani a sama. Wanda ya ce ya gani, wani abu ya gani.

Alaramma (Kumo): Me ya gani ke nan? Mutanen ƙauye sun fi mu sanin sama, su ne ke ƙirga taurarin damina su san lokacin shuka. A daina mayar da su maƙaryata.

Malama (Jekadafari): Allah ya gafarta Malam, ba maƙaryata ba ne, kuma sanin nasu yana tare da lissafin. Ai dattawa ne ke cewa wata yana ɓuya kafin ya tsaya. In an ga tsohon wata a gabas da asubahin 29, ba za a ga sabo a yamma ran nan ba, domin daga digiri 7 ko 8 gaban rana zuwa 7 ko 8 bayanta tafiyar fiye da kwana guda ce. Duk mai fita sallar asuba zai iya gwada wannan ba da na'ura ba.

Abin da ke yaudarar ido kuwa sananne ne. Zara ce ta farko, tauraruwar da muke kira matar wata: tana fitowa a yamma da haske mai ƙarfi, in siririn gajimare ya ratsa ta sai ta yi kamar lanƙwasa. Sai guntun farin hayaƙin da jirgin sama ke bari can sama, rana tana haska shi daga ƙasa bayan ta faɗi. Sai gefen gajimare. Sai kuma ido da kansa, in ya daɗe yana kallon jan sama yana neman abin da zuciya ke so.

Shi ya sa tambayar shaida ta fi rantsar da shi amfani. Ƙarfe nawa ka gani, kafin kiran salla ko bayansa? Dama da inda rana ta faɗi ko hagu? Tsayinsa nawa? A miƙe hannu, dunƙulen hannu kamar digiri 10 ne, ƙaramin yatsa kamar digiri 1. Ina ƙahoninsa suka fuskanta? Hasken jinjirin wata kullum yana ɓangaren rana, saboda haka a nan yana zama kamar ƙwarya a ajiye, baki sama, ko ya ɗan jirkice. Wanda ya zana shi a kife ba wata ya gani ba. Na ƙarshe, ka nuna wa na kusa da kai ya gani? Wata na gaskiya ba ya walƙiya ya ɓace, yana nan yana sauka a hankali.

Alƙali (Bolari): Wannan kuwa ba wanda zai ce ya saɓa wa Halil. Binciken shaida aikin alƙali ne tun asali. In alƙali ya riƙe takardar da ta nuna inda wata yake a yammar nan, ya tambayi shaida ba tare da ya nuna masa ba, amsa ta saɓa, ya ƙi shaidar ne don ba ta tsaya ba, ba don munajjimi ya yi umarni ba. Ina ganin Modibbo zai iya zama da wannan.

Modibbo (Dukku): Zan zauna da shi a matsayin alama da alƙali zai duba, ba hukuncin da zai ɗaure masa hannu ba. In jama'a mai yawa daga Nafada da Bajoga da Dukku, waɗanda ba su san juna ba, suka zo da siffa ɗaya, ni takardar zan tuhuma, ko wanda ya karanta ta. Ana kuskuren shigar da gari ko agogo, a ɗauko lokacin Landan a ce na Gombe ne, awa guda ta tafi. Kuma kuskure ba gefe ɗaya yake ba. A 1404, wato 1984, Saudiyya ta yi azumi 28 aka ga watan Shawwal, sai da aka rama kwana ɗaya. Jinkirin shiga ma ɓarna ne.

Ɗalibi (Pantami): Malamaina, to abin da ake yawan faɗa fa, in an ga wata babba a daren farko a ce wannan na jiya ne, an ci mana azumi?

Malama (Jekadafari): Nan kam hadisi da lissafi ba su da saɓani. A Sahihu Muslim, wasu sun ga wata suka ce ɗan kwana biyu ne, wasu suka ce uku, Ibnu Abbas ya ce na daren da kuka gan shi ne. Ɗauki wata mai awa 14 ran 29, bai ganu ba. Washegari yana da awa 38, tazara kusan digiri 19, zai daɗe fiye da awa guda a sama. Babba ne, kuma daren farko ne.

Ga masu son fita: a nemi wuri mai tudu da yamma a buɗe, ba bene ba bishiya, don cikin garin Gombe kwari ne. A isa kafin rana ta faɗi a yi alamar inda ta nutse. Kada a ɗora tabarau mai jawo nesa a ido sai ta ɓace gaba ɗaya, yana iya ƙona ido. Mai lamba 7x50 ko 10x50 ya isa. Lokaci mafi kyau shi ne ɗan ƙasa da rabin tazarar faɗuwar rana da ta wata, in tazarar minti 45 ce, a dage wajen minti na 20. Kuma a riƙa fita kowane wata. Wanda bai tabbatar da 1 ga Sha'aban ba, 29 ɗinsa zai iya zama 28, ya fita neman abin da babu.

Injiniya (Tumfure): Ƙari ɗaya. Rana tana faɗuwa a Gombe kusan awa 2 bayan Makka, a Sakkwato kuma kamar minti 20 bayan Gombe. Duk yadda aka yi yamma wata yana ƙara girma. In an ce an gani a gabas, ƙasashen yamma masu sama garau duk suka rasa, wannan ma abin tambaya ne.

Ɗalibi (Pantami): Wanda ya tabbata ya gani, aka ƙi shaidarsa fa?

Alƙali (Bolari): Wajibi ne ya kai rahoto, ta hannun mai unguwa ko hakimi zuwa fadar sarki, daga nan zuwa kwamitin Sarkin Musulmi a Sakkwato, shi ke da sanarwa. In watan Ramadan ne, a mazhabar Malik shi kansa azumi ya hau kansa, ko da ba a karɓa ba. In na Shawwal ne, Halil ya ce kada ya ci ya sha shi kaɗai, ko da ya amince ba wanda zai gan shi, balle ya tara mutane a filin idi.