Gidan gado a Tudun Wada: mu gyara kafin mu sayar, ko mu sayar a yadda yake?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gida a Tudun Wadan Zariya. Mu tara ne magada, har da mahaifiyarmu, kuma gidan ba zai rabu tara ba, shi ya sa muka yarda a sayar a raba kuɗin. Ni ne babba, don haka kowa ni yake kallo.

Zaure da ɗakuna huɗu na ciki ginin ƙasa ne, tubali da azara, sai daga baya Baba ya ɗora musu kwano a sama, ya sa aka yi musu shafen siminti. Ɗakuna biyu na gaba na bulo ne. Ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu, yana yoyo ta kusurwar gabas, shafen katangar baya ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar rami. Wayar wuta kuwa tun ta zamanin NEPA ce. Takardar da muke da ita guda ɗaya ce, ta ciniki, mai sa hannun mai unguwa da shaidu.

Ƙanina yana so a fasa katangar gaba a fitar da shaguna uku, har ma a zuba dakin, wato rufin kankare, a ɗora bene a sama, wai sai gidan ya ninka daraja. Dillali kuma ya ce mu bar wannan, mu yi fenti mu sa tayil kawai. Ni malamin makaranta ne, ban san kan gini ba. Shin irin wannan gyaran yana buƙatar izinin hukuma? Kuma kuɗin da za mu zuba zai dawo?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba. Malam, ka ce wa ƙaninka ya manta da maganar bene. Ɗakunan bulo na wancan lokaci yawanci da bulo mai inci 6 aka ɗaga su, ba ginshiƙi, harsashin ma bai yi zurfin ɗaukar kankare ba. Wanda zai hau sama tun daga tono yake shiri: bulo mai inci 9, ginshiƙai da rodi, injiniya ya lissafa. Ba a ɗaura wa tsohon jaki kayan raƙumi.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne katangar nan da ta kumbura. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Ginin ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. In aka rufe shi da siminti, ruwa ya samu tsaga ya shiga, ba ta inda zai fita, sai tubalin ya riƙa narkewa a ciki alhali waje yana nan sumul. Shi ya sa magabata suke yaɓe da ƙasa su bi da makuba, kowace shekara a duba. Ka sa a ɓamɓare wurin da ya kumbura tun daga ƙasa, ka ga gindin katangar da idonka. In ya cinye, fenti ba zai hana ta faɗuwa a watan Agusta ba, kuma bayanta gidan mutane ne.

A hau sama kuma a duba azarar. In ruwa ya daɗe yana zama tsakanin kwano da rufin ƙasa, bakin azarar da ke cikin bango shi ke fara ruɓewa, gara ta ƙarasa. Yoyo da waya dai ku gyara ko da gobe za ku sayar, tunda Hajiya tana kwana a ciki. Waya mai kaurin 2.5mm² a soket, mai 1.5mm² a fitila, a kafa ƙarfen at a ƙasa, wanda ke janye wutar da ta ɓalle don kada ta ja mutum.

Maman Ilham:

Malam, aikina ya shafi takardun filaye, don haka ta nan zan shigo. Fenti, toshe yoyo, canza ƙofa, wannan gyaran gida ne na yau da kullum. Amma fasa katanga a yi shaguna sauya amfanin wurin ne daga zama zuwa kasuwanci, ƙarin bene kuma sabon gini ne. Duka biyun sai da amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kuma za su nemi zanen gini da shaidar mallaka, su duba tazarar da ke tsakaninku da titi da kwata. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma wanda zai zo ƙofarku da jan fenti ma'aikacin jiha ne. Shagon da ya ci hanya, mai saye mai wayo ragi zai nema a kansa, ba ƙari zai yi ba.

Ni a ganina kuɗin tayil ɗin nan ku kai shi wajen takarda. Ku fara da kotun shari'a, a tabbatar da magada a rubuce, kowa ya sa hannu ya wakilta ka, har da 'yan uwanka mata da ke gidan aure. Sannan ku je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a bincika ko filin yana da fayil, a kuma ga ko hanyar gwamnati ba ta ratsa ta kansa ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ya sa takardar mai unguwa, duk da darajarta a unguwa, banki ba ya karɓarta jingina. Mai kuɗin da zai biya farashi mai kyau satifiket ɗin mallakar fili na gwamnati yake tambaya kafin ya tambayi ɗaki nawa.

Abu Hafsa:

Ƙari kaɗan a kan maganar Baba Birkila. In kun san katangar ta lalace kuka rufe da fenti ba ku faɗa ba, ɓoye aibi ne, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai saye yana da haƙƙin mayar da ciniki in ya gano. Ka yi tunanin ranar da aka riga aka raba kuɗi tara, kowa ya kashe nasa.

Na Kwangila:

Ni dillali ne, bari in kare abokin sana'ata kaɗan. Ido ke cin kasuwa. Gidan da aka share, aka kwashe tarkace, aka yi wa zaure farar ƙasa, ya fi saurin samun mai taya. Amma gaskiya a Tudun Wada mafi yawan masu sayen tsohon gidan ƙasa fili suke saye. Rushewa za su yi su yi ɗakunan haya, musamman in wurin bai yi nisa da Kongo, reshen jami'ar Ahmadu Bello, ba, saboda ɗalibai. Tayil ɗinku a kwandon shara zai ƙare. Ku auna tsawo da faɗi, shi ne farashinku.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Birkila, an ɓamɓare shafen kamar yadda ka ce. Gindin katangar ya zaizaye har hannuna yana shiga, kuma ashe indararon maƙwabcinmu a nan yake zuba. Mun yi magana da shi cikin mutunci, ya ce zai karkatar. An tokare katangar da itace, Hajiya ta koma ɗakin gaba, ko da yake sai da aka sha lallashi, don a ɗakin nan ta haife mu duka.

Ƙanina bai haƙura da shagunan ba, yana cewa ai layin kowa ya fasa ba wanda ya tambaye shi. Na ce masa in ya ga dama shi ya sayi kason sauran ya yi shagunan da sunansa, ya nemi izininsa da kansa. Yana lissafi.

Maman Ilham, saura tambaya ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙannena tana aure a Maraɗi, kuma zuwanta yanzu da wuya. Kotu za ta karɓi wakilci a rubuce daga can, ko dole sai ta zo da ƙafarta?