Musayar Waƙa: Thonny Ba Ta Ga Allon Pico Ba

Ɗalibi:

Sallama gare ku, ya ku malamaina,
Ku ba ni aron kunne ku ji kukana,
Na sayo allon Pico, ƙaramar kwamfuta, da ɗan guzurina,
Na haɗa shi da kwamfutar da ke ɗakina,
Amma Thonny, manhajar rubuta masa shiri, ba ta gan shi ba.

Kebul ɗin da na sa shi ne na cajin waya,
Na zare, na mayar, na koma ramin baya,
Windows ce a kan na'urar, ga mai tambaya,
Na duba ƙofofin COM, ta inda Thonny ke magana da allo, babu ko ɗaya,
Kuma fitilar kan allon ba ta kama ba.

Ku faɗa mini in ya ƙone ne in san na yi,
Domin ban ga alamar rai a jikinsa ba.

Mai gyaran waya:

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka,
Rashin haske ba ya nufin mutuwar allonka,
Fitilar da ke layin GP25 tana jiran umarninka,
Sai shirin da ka rubuta ya kunna ta da izininka,
Ba a yi ta don ta nuna shigar wuta ba.

Kebul nake tuhuma, domin na san halinsa,
Na ƙwarai, in ka feɗe shi, wayoyi huɗu ne a cikinsa,
Ja da baƙi su ne masu kai wa allo wutarsa,
Fari da kore su ne masu ɗaukar saƙonsa,
Wani na araha kuwa bai wuce biyun farko ba.

A shagona ga yadda nake gwadawa:
Da shi nake haɗa waya da kwamfuta ina dubawa,
In wayar ta tambaye ni ko hotuna nake son kwashewa,
To kebul ɗin lafiyayye ne, ya iya isarwa,
In caji kawai ta nuna, ba zai yi maka aiki ba.

Ɗalibi:

Yaya, Allah ya saka, zancenka ya tabbata,
Na aro wani kebul a wurin maƙwabta,
Sai ga wata ma'ajiya ta fito a kwamfuta,
RPI-RP2 ne sunan da aka rubuta,
Amma har yanzu Thonny ba ta amsa ba.

Malamar lantarki:

Ɗana, wannan suna albishir ne gare ka,
RP2040, ƙwaƙwalwar allon, ce take gaishe ka,
Sabon allo fanko yake zuwa hannunka,
Babu MicroPython a cikinsa, manhajar da za ta ji yarenka,
Shi ya sa ƙofar COM ba ta bayyana ba.

Kamfanin Raspberry Pi, da suka fito da allon a 2021, sun yi tanadin saukewa,
Fayil ne mai ƙarewa da UF2, a shafinsu ake samowa,
Na Pico daban, na Pico W mai Wi-Fi daban, ka kula wajen zaɓowa,
Ka jefa shi cikin ma'ajiyar nan kamar mai kwafewa,
Za ta ɓace nan take, kada ka ce aikin bai yi ba.

Ɓacewar tana nufin allon ya sake tashi,
Ka duba kusurwar dama ta ƙasa, can Thonny ke neman shi,
Ka zaɓi MicroPython na Pico, ka nuna mata shi,
Duk ran da kake son ma'ajiyar ta dawo, akwai maɓallin BOOTSEL a kanshi,
Ka danne shi kafin ka soka kebul, ba bayan nan ba.

Mai amfani da Linux:

Malama, da izininki zan ɗan ƙara,
Domin masu Ubuntu ma suna shan wannan wahala,
Allon kan fito da sunan ttyACM0 ba tare da gardama ba,
Sai a hana ka shiga don ba ka cikin dialout, rukunin masu izinin shiga ƙofar,
Ka sa sunanka, ka fita daga asusunka ka dawo,
In ba haka ba, izinin bai hau ba.

Kuma ƙofar nan mutum ɗaya take ɗauka,
In wata manhajar ta riga ta kama ta a gabanka,
Thonny za ta ce a cike take, ta mayar da hannunka,
Ba za ta shiga ba in ba ka rufe waccan ba.

Ɗalibi:

Malama, Yaya, da kai ɗan'uwana,
Kibiyoyi uku sun fito a ƙasan Thonny, alamar ta ga allona,
Na rubuta shiri, fitila tana ƙiftawa a gabana,
Sai dai da na mayar da allon kan batirin cajina,
Shirin da na rubuta bai tashi ba.

Malamar lantarki:

Ɗana, shirin a kwamfuta yake, can aka adana,
Ka sake adana shi a cikin allon, main.py ne suna,
Shi allon ke nema duk lokacin da aka kunna,
In ya shagala da shi Thonny ta yi shiru, jan maɓallin tsayarwa za ka danna,
Kuma wani batirin yakan kashe kansa bayan ɗan zama,
Domin wutar da Pico ke ja ba ta kai ya lura da ita ba.