Neman shawara: Ta yaya zan bambance tsoka iri uku a jarrabawa?

Ɗaliba, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum yayyena. Ina aji ɗaya a makarantar nas a nan Jos. Mako mai zuwa za a ɗora mana nama a maikiroskof, a ce mu faɗi wace tsoka ce: ta jikin ƙashi, ta zuciya, ko mai santsi. Ni dai duk iri ɗaya nake ganinsu. Don Allah me zan duba?

Malamin bayoloji, Gangare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da gilashin maikiroskof mai lamba 10, sai hoton ya fito ki juya zuwa mai lamba 40. Abu biyu za ki nema, ratsi da nukiliyas, wato cibiyar ƙwayar halitta da ke fitowa kamar ɗigo mai duhu.

Tsokar jikin ƙashi dogayen zaruruwa ne a jere, kamar yadda dafaffen nama ke zarewa in za a yi dambu. Tana da ratsi a gicciye, kuma zare guda yana da nukiliyas da yawa, duk an tura su gefe. Ta zuciya ma tana da ratsi, amma zaruruwanta gajeru ne masu reshe, nukiliyas ɗaya a tsakiya, wani lokaci biyu. In kika ga layi mai duhu a mahaɗar ƙwayoyin tsoka biyu, to zuciya ce, kada ki yi shakka. Ta wannan mahaɗa saƙon bugu ke wucewa, har ƙwayoyin su matse tare. Mai santsi ba ta da ratsi, tsakiyarta da kauri, bakinta biyu a fiƙe.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne naman da aka yanka a gicciye. A nan ratsi ba ya fitowa, sai su rubuta mai santsi. Ki duba nukiliyas: in yana gefe, ta ƙashi ce.

Anti nas, Rikkos:
'Yata, ki riƙe dalilin ratsin ma, ana tambaya. Furotin biyu ne, aktin da mayosin, a jere cikin tsari. Sinadarin kalsiyam na fitowa a cikin zaren, sai mayosin ya kama aktin ya ja, tsoka ta taƙaice. Mai santsi ma tana da su, ba a jere suke ba ne kawai. Ita ce a hanji, mafitsara, mahaifa da bangon hanyoyin jini, kuma ba ta jiran umarninki. Ko a sanyin nan na Jos, karkarwa aikin tsokar ƙashi ce, tashin tsigar jiki kuwa na mai santsi.

Likitan gashin ƙashi, Bukuru:
A ƙara da wannan. Tsokar ƙashi ta haura 600 a jiki, in ta yage tana iya gyaruwa, don tana da ƙwayoyin ajiya a gefen zarenta. Ta zuciya in jini ya yanke mata ta mutu, tabo ne ke maye gurbin, tabo kuma ba ya bugawa. Ki kula da maƙoshin abinci: samansa tsokar ƙashi ce, ƙasansa mai santsi, tsakiya gauraye. Allah ya ba da sa'a.